Ƙaron Wankin Hula a Gana

Tun ranar da na sauka daga mota a Sakkwato ban huta ba. Na je masallaci, "Umaru, ya Gana?" Na zauna majalisarmu ta Gidan Dahala, "Umaru, ina tsarabar laima?" To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta da idonsa, a bar ni in sha shayina.

Bari in fara kashe maganar laima. Wani daga cikinku, kuma wallahi na san ko wane ne, ya ji an ce na tafi aikin auna laima, sai ya baza a unguwa cewa Umaru ya tafi koyon ɗinkin laimar ruwan sama. Haba jama'a! Shekarata nawa ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, sai yanzu da furfura zan koma ɗinkin laima? Laimar da nake nufi ta iska ce, danshin nan da ke sa gero ya yi fumfuna a sito, albasa ta ruɓe tun ba ta ga kasuwa ba. Akwai wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske na bi ta cikinsa. Sai a shafa masa wani abu mai danƙo, masana na ce masa polima. In iska ta yi laima danƙon ya sha ya kumbura, ya ja zaren, hasken da ke dawowa ya sauya, na'ura ta karanta. Ba wuta a jikin zaren, ba tsatsa, ana iya binne shi cikin hatsi. Iyakar ilimin ke nan, duk wanda ya sake tambaya ta laimar ruwa mu da shi ne.

Kowa a duniya sayen nasa danƙon yake daga Turai, cikin 'yar kwalba mai suna dogo kamar doguwar riga. Ni kuwa da ƙaro na shafa nawa. I, ƙaron da kuka sani. Mahaifina, kun san shi, wankin hula yake yi a Ƙofar Atiku tun kafin a haife ni. Tun ina ƙarami nake ganin ya ɗauki hula da aka sa wa ƙaro, ya latsa ta da yatsa, ya ce damina ta kusa, alhali sama fes take. Hular ce ta faɗa masa, ta fara laushi. Wannan ne ya faɗo mini a rai wata rana a wurin aiki. Na gwada ƙaro zalla, rana biyu ya tsattsage don bushewar garinmu. Na koma wurin Baba, ya yi mini dariya har da tari, sannan ya nuna mini yadda yake yi: a jiƙa ƙaron ya kwana, a tace shi da ƙyalle sau uku, a ɗiga zuma da bakin tsinke don kada ya tsage, a shafa siriri sau uku maimakon sau ɗaya mai kauri, kuma a inuwa zai bushe ba a rana ba.

Da aka ce wata jami'a a bakin teku can Gana ta kira taron gwajin irin waɗannan zaruruwa, kuma za a tafi da nawa, na je yi wa Baba sallama. Ya wanke mini hulata da kansa, ya sa mata ƙaro ta miƙe tsaf, ya ƙulla mini ƙaro mai kyau a leda da 'yar kwalbar zuma. Na ce me zan kawo masa.

Ya ce, "Ban son tsaraba, Umaru. Abu guda nika so. In sun tambaye ka wa ya koya maka, ka hwaɗa musu. Ka ce Mamman mai wankin hula, Ƙohwar Atiku."

Na ce, "Baba, ai wannan ba wani abu ba ne." Na ɗauki alkawari hannuna cikin nasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu biyu sashenmu ya tura, ni da shugabana Dakta Nasiru. Takardar jirgi guda ɗaya aka bayar, ba sai na faɗa muku wanda ya hau ba. Mutumin da bai taɓa riƙe zaren nan ba tare da ya karya shi ba, shi ne ya bi ta sama, ni mai aikin na bi ta ƙasa da jaka a cinya. Daga Sakkwato zuwa Legas ba zan ɓata muku lokaci ba, wanda ya taɓa yi ya san yadda ƙugu ke ji. Abin da zan ce kawai, tun da muka wuce Ilori na ji iska ta fara nauyi, zufa ta fito ta ƙi tafiya. A garinmu zufa na da kunya, ta fito ta bushe. Can kuwa zama take yi a jikinka har ka yi sallar azahar da ta safe.

A tashar Legas na shiga motar Gana, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata dattijuwa, Hajiya Rabi, 'yar zango, unguwar Hausawan garin da zan je, tana fataucin atamfa. Na gaishe ta, ta amsa da Hausa, na ji daɗi. Daɗin bai daɗe ba. Ta ce, "Ɗana, matanka yana lafiya? Mamanka yana nan da rai?" Na dube ta. Hausar da ba ta san mace ba! Kowa a wurinsu "ya" ne, har uwar da ta haife ka. Na daure na amsa da tawa Hausar, ta tuntsire da dariya ta ce tawa ta yi nauyi, wai kamar ina karanta wa'azi. Ni Basakkwace, ni ake gyara wa Hausa a cikin mota. Na ƙyale ta don girmanta.

Iyaka uku muka ƙetare, kowace da layinta da hatiminta da mai kaki da ke duban fuskarka kamar kai ka sa shi aikin. A ta biyu aka ce in buɗe jaka. Wani jami'i mai Faransanci ya zaro zaren gilashin da na naɗe, ya juya shi, bai gane ba. Ya zaro ledar ƙaro, ya ga dunƙule-dunƙule masu ƙyalli, nan take idonsa ya buɗe, ya kira 'yan uwansa biyu. Na yi bayani da Turanci, ba sa ji. Na yi da Hausa, ba sa ji. Har da hannu na yi musu siffar itacen ƙaro, suka ƙara zargina. Hajiya Rabi ta sauko da kyar tana jan ƙafa, ta yi musu magana da harshensu, sannan ta juyo ta ce, "Ɗana, ka ci shi ya gani."

Na jefa babban dunƙule a baki. Jama'a, kada Allah ya sa ku ci ƙaro da gaggawa a gaban hukuma. Ya kama haƙorana na sama da na ƙasa ya ɗinke. Daidai lokacin jami'in ya ga dama ya fara jero mini tambayoyi, ni kuwa sai gurnani. Fasinjoji suka yi ta dariya ta taga, shi ma ya kasa riƙewa, ya buga hatimi ya kore mu. Sai da muka yi tafiyar rabin sa'a bakina ya buɗe, kalmar farko da ta fito ba zan rubuta ta ba.

Masaukin da masu taron suka kama a otal ne, amma ɗaki ɗaya aka ware wa sashenmu, kuma Dakta ya riga ni isa ya baje kwat-kwat ɗinsa a kan gadaje biyun da ke ciki. Ya ce yana da minshari, don tausayina ya fi kyau in nemi wani wuri. Ka ji tausayi! Hajiya Rabi ce ta ba ni ɗakin ɗanta da ya yi tafiya, a cikin zango. Allah ya saka mata, matar nan ba ta da laifi sai abincinta. Da safe ta kawo mini wani dunƙulen masara mai tsami an naɗe shi cikin ganye, da kifi soyayye da wani baƙin yaji. Na ɗauka ya lalace ne, na ce, "Hajiya, tuwon nan kamar ya kwana uku." Ta ce ai da gangan ake bari ya yi tsamin. Mutane su zauna su jira abinci ya ɓaci sannan su ce ya yi! Wake da shinkafarsu dai na ci, ba laifi, sai dai sun ɗora masa taliya da gari da ƙwai, kamar wanda ake kora daga gida ya kwashe komai a kwano ɗaya.

Garin kuwa, ni ban ga abin da suke yabo ba. Na wanke singileti ranar Litinin, ranar Laraba yana kan igiya yana ɗiga. Gishiri a kwano zufa yake. Kilishin da na taho da shi don guzuri ya saki jiki ya koma kamar tsumma. Takalmin fata da na ajiye ƙarƙashin gado ya tsiro gashi kore. Na ce wa Hajiya, "Ku a cikin ruwa kuke zaune ba ku sani ba." Ta ce mu kuma a cikin tanda muke, shi ya sa duk Basakkwacen da ta sani baƙi ne kuma mai faɗa. Rabin gaskiya dai ta faɗa.

Hulata ce ta fi ba ni haushi. Hular da Baba ya miƙar, wadda a Sakkwato za ta yi wata biyu a tsaye, kwana biyu ta yi ta fara sunkuyawa. Ranar gwaji na dube ta a madubi, gefe ɗaya ya kwanta a kan kunnena. Na sa ta haka nan, don ban saba fita kai ba hula ba.

A ƙofar ɗakin gwajin Dakta Nasiru ya tare ni, cikin kwat da laktaye, yana zufa kamar an tsamo shi. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Umaru, ka kula da bakinka. Nan wurin manya ne. Kada ka ce ƙaro, ka kira shi da sunansa na Latin. Kuma don Allah kada in ji maganar hula, kada ka zubar mana da mutunci." Daga nan ya shiga yana Turanci ta hanci, mutumin da na sani da cin ɗanwake da hannu a bayan ofis.

Shugabar wurin wata Farfesa ce, mace gajera mai furfura, ba ta da yawan magana. Suna da wani akwatin gilashi da ake cika shi da laima ko a busar da shi yadda aka ga dama. Aka jera zaruruwa a ciki, na mutanen ƙasashe daban-daban, kowa na faɗin sunan danƙonsa yana kumbura wuya, alhali duk saye suka yi, ba wanda ya dama nasa. Aka sa nawa a ƙarshe. Aka fara ƙara laima. Layukan kowa a fuskar na'ura suka yi ta hawa a hankali. Nawa ya hau da gudu ya wuce su, na fara murmushi. Sai ya yi wata rawa, ya faɗo ƙasa ya kwanta. Na leƙa akwatin, ƙarona ya narke yana zamewa daga jikin zaren.

Aka yi dariya, wani ma har da tafi. Kafin in buɗe baki Dakta ya miƙe ya ce wa jama'a wannan ba aikin sashe ba ne, ɗan wasa ne da ma'aikacinsu ke yi a lokacin hutunsa, shi ma ya faɗa masa ba zai yi ba. Ma'aikacinsu! Ko sunana bai kama ba. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Farfesa, ina da magana." Ta ce in yi. Na ce akwatin nan tun safe gefe ɗaya ake juya shi, gefen ruwa, don nan ne garinku. Ni inda na fito, in bazara ta kama, ka zuba ruwa a ƙasa kafin ka ajiye buta ya tafi. Hatsinmu a wannan bushewar ake ajiye shi, kuma ɗan danshin farko da ke shigowa kafin damina shi ke kashe mu. Ina da wani zaren a jaka, a busar da akwatin ƙarƙaf a gani. Wani daga bayan ɗakin ya ce ba a cika gwaji a irin wannan bushewar ba, don ba a zama a irin wannan wuri. Na juya na ce masa garinmu ya girmi jami'arsa, kuma muna nan muna aure muna haihuwa.

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta ce a busar. Aka ɗauki lokaci mai tsawo akwatin na bushewa, mutane suka fita shan shayi suka dawo. Da laimar ta kai ƙasa sai layukan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya miƙe bai ƙara motsi ba, wani danƙon ya tsage. Nawa kuwa, aka saki ɗan danshi kaɗan ya ɗaga, aka janye ya sauka, aka sake ya sake. Sau biyar ana yi yana amsawa. Wanda ya fara magana Dakta Nasiru ne, ya dafa kafaɗata ya ce ai wannan shi ne abin da sashenmu ya daɗe yana bincike a kai ƙarƙashin kulawarsa. Ni dai na taɓa ganin marasa kunya, amma wannan na daban ne.

Farfesa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zaro zaren ta sa a madubin ƙara girma ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta ce, "Shafi uku ne sirara. Kuma akwai abin da ya hana shi tsagewa. Mene ne?" Na ce zuma. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wa ya koya maka?"

To, ga wurin da na ce ku riƙe. Mutum wajen talatin na kallona, masu kwat, masu digiri uku-uku, waɗanda suka gama yi mini dariya yanzun nan suka fara ganina da daraja. Hulata na kwance a kan kunnena. Amsar na bakina, gajeriya ce, na maimaita ta a mota tun daga Sakkwato. Na ji bakina ya ce, "Ba kowa. Gwaje-gwajena ne."

Ba Dakta ne ya rufe mini baki ba, kada ku ɗora masa wannan. A lokacin, ko da na faɗi sunan mai wankin hula, ba abin da zai iya yi. Ni ne na ji kunya. Na ji daɗin kallon da ake mini, ban so ya ragu.

Kuma Allah bai bar ni da uzuri ba, don ta sake tambaya. Ranar da za mu watse ta kira ni ofishinta ni kaɗai, ta ce tana so a rubuta aikin a buga, za ta aiko mini da zare in ci gaba da gwaji a sitocin garinmu. Sai ta ce ita uwarta ƙyafe kifi take yi a bakin teku, kuma rabin abin da ta sani game da danshi a wurinta ta koya, shi ya sa in ta ga irin wannan dabara takan ji hannun wani tsoho a ciki. Ta ce, "Ka tabbata ba kowa?" Ta buɗe mini ƙofa har bango. Amma na riga na yi ƙarya gaban jama'a, sai na ga komawa baya ya fi nauyi. Na ce na tabbata.

Dawowa ban ga hanya ba. Hajiya Rabi ta raka ni tasha da ƙullin tuwon nan mai tsami, ta ce in gaida babana da ya ba ni ƙaro, ita kam na faɗa mata tun a mota, don ba ta da digiri. Iyaka ukun ba wanda ya buɗe jakata. Daga Kwantagora iska ta fara sauƙi, zufa ta bushe, hular ta sandare a karkace yadda ta kwanta.

Ban je gida ba, Ƙofar Atiku na wuce. Baba na zaune a rumfarsa tsakanin hulunan da ya kifa a kan guntayen itace. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin akwati, da yadda na kowa ya mutu nasa ya yi ta amsawa. Ya yi ta murmushi yana cewa madalla. Bai katse ni ba sai da na gama. Sannan ya ce, "To, sun tambaya?"

Na ce, "Ba su tambaya ba, Baba."

Ya ce, "Ashe ba malamai ba ne. Wanda ya san aiki, in ya ga aiki, shina tambayar mai shi." Ya miƙo hannu ya cire hular daga kaina, ya juya ta, ya latsa. Ya ce, "Wagga ta sha wuya. Bar ta nan, ka zo jibi." Ya jefa ta cikin kwanon wanki tare da na mutane.

Kun ga na zagi tuwon mutane, na zagi iskarsu da Hausarsu, na zagi Dakta, kuma ban janye ko ɗaya ba. Amma Farfesa malama ce, Baba ya yi mata hukunci a kan ƙaryata. Ta tambaya, sau biyu ta tambaya. Jiya na rubuta mata na faɗi gaskiya, na ce kada a buga komai sai da sunansa a sama da nawa. Wannan mai sauƙi ne, tana nesa, ba ta ganin fuskata. Yau jibin ta cika, hulata na can ta bushe, na bi ta bakin layin rumfar sau biyu ban iya shiga ba. Baba ba ya karatun boko. Don haka kai mai baza labarin laima, tunda Allah ya ba ka baki, ga aikin da ya dace da kai: bayan la'asar ka zo ka raka ni, ka karanta masa wannan da ƙarfi ina zaune a gabansa, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Wanda ya koya mini shi ne Mamman mai wankin hula, Ƙofar Atiku.